Sauri Kan Haifi Nawa, Ko Ga Na'ura

Idan masu aikin hanya suka tsinke wayar faiba, haske kan ɗauke, gargaɗi ya isa ga rauta, wato na'urar da ke zaɓar wa saƙonni hanya. Bisa ƙa'idar SDH, layi kan koma kan wayar ko-ta-kwana cikin kashi 50 bisa 1000 na sakan. In rauta ta yi azarɓaɓi, sai ta rushe taswirar hanyoyinta a banza, sadarwa ta tsaya cik. A ganinmu, wajibi ne ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Batagarawa su koyi saita mata jinkirin kashi 100 zuwa 200. Amma inda babu wayar ko-ta-kwana, jira asara ne. A bar ta ta sauya hanya nan take.