Filin Masana: Furofesa Tanja Schultz, Bajamushiyar Da Ta Koya Wa Na'ura Jin Hausa

A cikin watan Yuni na shekarar 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Yola zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama. Ko da yake bai yi kwanaki da yawa ba aka sallame shi, duk inda ya bi a tafiyarsa yana rubuta kalmomin Hausa da Fillanci da Barbarci a littafinsa. Bayan shekara wajen 160 sai aka sake bin garuruwan tsohuwar ƙasar Adamawa ana ɗaukar maganar mutane saboda wata jami'a ta Jamus, amma wannan karon na'ura ce za a koya wa harshen. Shugabar wannan aiki ita ce Furofesa Tanja Schultz, wadda filin wannan mako zai ba da tarihinta.

Wannan baiwar Allah ba da ilmin kwamfuta ta fara ba. Lissafi da ilmin wasannin motsa jiki ta karanta a Jami'ar Heidelberg. Daga nan ta koma Jami'ar Karlsruhe, inda ta sami digiri kan ilmin kwamfuta a 1995, ta kuma zama dakta a 2000 a ƙarƙashin Furofesa Alex Waibel. Abin da ta duƙufa a kai shi ne wani reshe na ilmin basirar na'ura, watau yadda mutum zai yi magana, na'ura ta saurara ta mai da maganar rubutu.

To, kafin na'ura ta iya haka sai an tanadar mata abu uku. Na farko, muryoyin mutane masu yawa tare da rubutun abin da suka faɗa. Na biyu, ƙamus mai nuna yadda ake furta kowace kalma. Na uku, rubuce-rubuce masu tarin yawa, don ta gane kalmar da ta saba bin wata. Turanci da Jamusanci suna da waɗannan duka, amma yawancin harsunan duniya ba su da su. Dabarar Schultz ita ce, tun da harsuna sun yi tarayya a kan sautuka da dama, ana iya horar da na'ura da harsuna masu yawa gaba ɗaya, sa'an nan a ɗora mata sabon harshe da 'yan muryoyi kaɗan. Saboda haka ta kafa wata taska ta muryoyi mai suna GlobalPhone, inda a kowane harshe ake samun mutum wajen ɗari su karanta labaran jarida ana ɗauka. Sannu a hankali taskar ta tara harsuna fiye da ashirin.

Daga 2000 zuwa 2007 ta yi aikin bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta birnin Pittsburgh a Amurka, kuma a 2006 ita da Katrin Kirchhoff suka fitar da littafi kan sarrafa magana cikin harsuna da yawa. A 2007 ta komo Karlsruhe a matsayin furofesa, ta kafa ɗakin bincike nata na kanta. A nan ne ita da ɗalibanta suka ƙera wata na'ura wadda ake manna wa mutum wayoyinta a fuska, tana karanta motsin naman baki ko da bai fitar da murya ba, aka nuna ta a bajekolin CeBIT na birnin Hannover a 2010, da fatan ta amfani waɗanda cuta ta raba da muryarsu. Ta taɓa shugabantar ƙungiyar masu binciken magana ta duniya, ISCA, a 2015 kuma ta koma Jami'ar Bremen.

Tana Karlsruhe ne Hausa ta shiga taskar. An ɗauki muryoyin mutum 102, yawancinsu a ƙasar Kamaru, har da garuruwan Marwa da Ngawundare, waɗanda dā suke ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa kafin Ingilishi da Jamusawa su raba ƙasar. Duka maganar ba ta kai awa goma ba. A 2012 aka gabatar da sakamako a wani taro a Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda aka nuna cewa na'urar tana kuskuren kalma wajen 16 a cikin ɗari.

Wahalar da suka sha abin lura ce ga duk mai rubuta Hausa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda. Bugu da ƙari, masu rubutu da yawa suna sakaci da ƙugiyar haruffa, har "ƙafa" ta koma "kafa". Bahaushe yakan gane daga zancen, amma na'ura abin da aka ba ta shi take hardacewa.

A nan ne maganar ta shafi mutanen Nassarawo da sauran unguwannin Jimeta da Yola. Hausar da ake ciniki da ita a kasuwar Jimeta ta fito ne daga bakin Bafillace da Bacama da Camba da Kilba da Margi, kowa da irin lafazinsa, ga shi kuma ana sirka ta da Fillanci. Ta yi nisa da karatun jarida da aka ɗauka a natse. Yau kuwa mutane da yawa waɗanda ba su yi boko ba da murya suke aika saƙo a waya. In na'urorin da ke tafe ba su ji irin wannan Hausa ba, to, manomi mai tambayar maganin ƙwari da tsohuwa mai neman bayanin allurar jikanta su ne za a bari a baya.

Gaskiya ne an ci gaba tun daga 2012. Aikin NaijaVoices ya tara ɗaruruwan awoyi na maganar Hausa, shirin Common Voice kuma yana karɓar muryar duk wanda ya so bayarwa ta intanet. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya duk suna Yola, suna da malamai da ɗalibai masu ilmin kwamfuta. Ya kamata su fita unguwanni da kasuwanni su ɗauki muryoyin jama'a, maza da mata, da Hausa da Fillanci, bayan an nemi yardar kowa an kuma gaya masa abin da za a yi da muryarsa. Furofesa Schultz ta nuna cewa da mutum ɗari da 'yan awoyi ana iya aza harsashi. Sauran ginin yana wuyan masu harshen. Allah ya ba su ikon ɗauka, amin.