Shekara nawa ya kamata yaro ya fara taekwondo?

'Yan uwa 'yan mastas masu iyali, wannan taku ce. Duk Asabar da safe za ka ga yaran ma'aikata a filin wasannin makaranta cikin fararen kaya suna koyon taekwondo, har da 'yan shekara 3. Ni dai a ganina an yi gaggawa. Ɗan shekara 3 bai gama bambance dama da hagu ba, balle ya gane cewa shurin da aka koya masa ba na ƙanwarsa ba ne.

Shekara 6 zuwa 7 ya fi. Lokacin yana jin umarni, yana iya jira a zo kansa. In da hali ma a fara da judo, tunda farkon darasinta shi ne yadda za ka faɗi ba ka ji ciwo ba. Ko a ƙauye ai da kokawa yara ke farawa a kan rairayi. Dambe sai an tasa, don dukan kai ba wasa ba ne ga ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba.

Kafin ku biya kuɗi, ku zauna ku kalli darasi ɗaya. Kocin da ke haɗa ƙananan yara faɗa a makon farko, wallahi ku ja ɗanku ku tafi.

Ku fa, me kuka gani?