Ilmin Addini Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne



Ranar Kirsimeti ta 2011 aka tayar da bam a majami'ar Katolika ta Madalla, kusa da Suleja, mutum fiye da 30 suka halaka. A watan Janairu 2012 sai ga samarin Musulmi suna gadin majami'un Minna ranar Lahadi. Abin da ya raba mai bam da mai gadi, a ganina, shi ne ilmi.

Shi ya sa nake yaba wa ƙungiyar Kirista ta PROCMURA, wadda aka kafa a 1959 da sunan Islam in Africa Project. Aikinta shi ne koya wa limaman Kirista da sauran manya abin da Musulunci ya ƙunsa, don su tsaya kan addininsu ba tare da zagin na maƙwabci ba. Nan Minna kuwa, Islamic Education Trust, wadda su marigayi Sheikh Ahmed Lemu suka kafa a 1969, tana koya wa Musulmi zama da Kirista.

Wasu na cewa dabara ce ta jawo mutane. To, wanda ya san addininsa, jin na wani ba zai girgiza shi ba. Jahili ne abin tsoro.

Ku da ke Sabo da Agege kun sani, in rikici ya tashi a Arewa, rumfunanku ake fara dubawa. Saboda haka in aka gayyace ku zama irin wannan, ku je, ku kuma tafi da malaminku.