Farin Magi Da Hantar Ɓera: Me Binciken Ya Nuna?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zaga kasuwannin Bebeji, Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada zai tarar da farin magi, watau Ajinomoto da ire-irensa, a teburin masu kayan miya. Zai kuma ji abin da ake faɗa a kansa, wai yana cin hanta, wai masana sun gwada a kan ɓeraye sun tabbatar. Maganar tana da tushe, amma rabinta kawai ake faɗi.

A shekarar 2006, Farombi da Onyema na Jami'ar Ibadan sun ba ɓeraye wannan sinadari, suka ga alamun lahani a hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. A 2011 kuma, Eweka da abokan aikinsa na Jami'ar Benin sun cuɗa shi cikin abincin ɓeraye, suka duba hantarsu da madubin likita, suka tarar jijiyar jini ta tsakiya ta buɗe, wasu ƙwayoyin hantar sun lalace.

To, amma nawa aka ba su, kuma ta wace hanya? A gwajin Ibadan allura aka yi musu a ciki, miligiram 4 ga kowane giram na nauyin jiki. In aka kwatanta da mutum mai kilo 60, giram 240 ke nan, kusan rubu'in kilo. Ko da an rage saboda jikin ɓera ya fi namu saurin sarrafa abu, za a tashi da kusan giram 40, abin da babu uwargidan da za ta zuba wa mutum ɗaya a miya. Bugu da ƙari, allura tana kewaye hanji, alhali hanji ne ke cinye mafi yawan wannan sinadari kafin ya kai jini. Gwajin Benin, da yake ta baki ne, ya cancanci a kula da shi, sai dai ɓeraye ƙalilan ba su isa a yanke wa ɗan Adam hukunci ba.

Sinadarin kansa ba baƙo ba ne. Shi ne ke ba daddawa da tumatir ɗanɗano. A 1908 wani masani a Japan, Kikunae Ikeda, ya ware shi daga ciyawar teku. A 1987 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci bai ga dalilin yanka masa iyaka ba. Hukumar abinci ta Tarayyar Turai ta fi tsanantawa: a 2017 ta ce miligiram 30 ga kowane kilo a rana, watau ƙasa da giram 2 ga mai kilo 60.

A ganina, abin tsoron yana wani wuri. Tukunya guda akan zuba mata gishiri da dunƙulen magi da farin magi, wani lokaci har da kanwa, dukkansu kuwa suna ɗauke da sinadarin sodiyam mai jawo hawan jini. Sai kuma wanda ake aunawa daga buhu a ƙulla a leda, ba suna, ba lambar NAFDAC, mai saye bai san abin da aka gauraya a ciki ba. Wannan aikin duba-gari ne na ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, kuma ya kamata su fara tambayar 'yan kasuwa inda buhunan suka fito.