Karen Baskerville da masu saurin zargin maita

Tun da aka rufe silimar Abbia a Yawunde a 2009, kallon fim ya koma gida da cikin waya. Finafinan tsafi da aljanu suna yawo sosai tsakanin matasan Briqueterie, kuma da yawansu hanya ɗaya suke bi: mutum ya mutu, boka ya nuna wata tsohuwa, shi ke nan, magana ta ƙare.

Akwai tsohon fim da ya bi ta wata hanya, wato The Hound of the Baskervilles, daga littafin Arthur Conan Doyle na 1902. An yi shi a Amurka a 1939, kamfanin Hammer na Ingila ya sake yin sa a 1959, inda Peter Cushing ya fito a matsayin ɗan bincike Sherlock Holmes. Mutanen yankin sun yarda karen aljanu ne ke halaka magadan gidan Baskerville. Holmes kuwa ya tsaya kan wanda zai ci ribar mutuwar. Ashe wani dangi ne da ya ɓoye asalinsa, ya yi kiwon ƙaton kare don ya cinye gado.

A Kamaru batun nan ba wasa ba ne. Sashe na 251 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 kan maita. Zargin da aka fara a teburin mai shayi yana iya kai baiwar Allah kurkukun Kondengui. Kafin a kira wani maye, jama'a, a nemi bayanin likita, a kuma duba ko akwai rigimar fili ko ta gado a gidan.