Wa Ya Ce Hausarmu Karyayya Ce?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida tsakaninmu har mun daina jin ɗacinta. Yaro ya fito daga Gidan Rumji ko Gazawa, ya buɗe baki cikin taro ya ce "zamna nan" ko "ina kunka tahi?", sai a kwashe da dariya. Wai Hausar ƙauye, wai bai iya magana ba. Abin takaici, masu dariyar nan galibi mu ne ƴan lakwal, waɗanda ya kamata mu fi kowa sani. To ni dai na ce dariyar nan jahilci ce sanye da rigar ilimi, kuma ga hujjata.

Darasin farko a kimiyyar harshe shi ne, harshe tsari ne da ke zaune cikin kan mai magana tun kafin ya san alƙalami. Magana ta riga rubutu. Aikin masanin harshe ya kasa kunne ya gano dokar da mutane ke bi, ba a naɗa shi alƙali a kan bakin kowa ba. Kuma har yau ba a samu wata al'umma a duniya da ke magana ba tare da doka ba.

Mu gwada da sauti. Kowane harshe na da ƴan ƙwayoyin sauti ƙididdigaggu, da su yake gina dubban kalmomi. Sauya guda, ma'ana ta sauya: kafa da ƙafa, bari da ɓari, karya da ƙarya. Ga tsawon wasali: garin da muke zaune ciki daban, garin tuwo daban. Ga hawa da saukar murya: kukan jinjiri daban, kukar miya daban. A takarda "gari" ɗaya ne, "kuka" ɗaya ne, amma tsohuwar da ke saida daddawa a kasuwar Agye ba ta taɓa rikita su ba. Kunnenta ya san abin da haruffanmu sunka kasa nunawa.

Mu koma ga nahawu. Muna cewa "kun zo", amma da tambaya ta shigo sai mu ce "yaushe kunka zo?" Muna cewa "na sayi hatsi", "na saye shi", "abin da na saya". Aikatau ɗaya, ƙarshe uku, gwargwadon abin da ke biye da shi. Ka ce "sayo", kayan sun nufo nan. Ka ce "sayar", sun bar hannunka. Sai a 1960 wani Bature, F. W. Parsons, ya tsara aikatan Hausa aji bakwai, masana na ta yaba mishi. Yaro ɗan shekara biyar a Gangara yana aiki da azuzuwan nan duka yana wasan langa, babu mushen da ya koya mishi. Daga maganar da yake ji a tsakar gida ƙwaƙwalwarshi ta tsamo dokar. Wannan yaron ne za a ce ma bai iya Hausa ba?

Za ku ce, to ai Kano ba haka ake faɗi ba. Gaskiya ne. Harshe mai rai sauyawa yake, kuma ba ya sauyawa bai ɗaya a ko'ina, shi ya haifi karin harshe. Amma ku tsaya ku ji wa ya sauya. Wajen 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa a Hausar gabas wasu baƙaƙe, in sun zo ƙarshen gaɓa, narkewa suke su koma "u". Haka "zamna" ta zama "zauna", "sabka" ta zama "sauka", "amre" ya zama "aure". Haka kuma "ɗiya" ta dunƙule ta koma "ƴa". Ashe Bagobirin Tibiri da ake ma dariya, tsohuwar sigar ce a bakinshi. Ban faɗi haka don a juya dariyar kan Kanawa ba. Tasu doka ce, tamu doka ce, kowace na tafiya daidai a gidanta.

To daga ina daidaitacciyar Hausa ta fito? Zaɓe anka yi, kuma mutane sunka yi shi. Turawan Ingila na son Hausa guda ta makaranta da ofis, Kano kuwa ita ce cibiyar kasuwanci mai yawan jama'a, sai anka jingina da karinta. Maɗaba'ar Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, sunka baza ta ko'ina, rediyo ya ɗora, yau ga finafinan Kano. Da a ce Sakkwato ko Maraɗi ke riƙe da kasuwar da maɗaba'ar, da yanzu "munka" ce a littafi, ana gyara ma mai cewa "muka". Ko ƙamus ɗin Bargery na 1934 bai zubar da kalmomin Katsina da na Sakkwato ba, ya sa su ciki ya nuna inda ake faɗarsu.

Mun taɓa shan irin wannan rainin, daga wani hannu. Ku tambayi iyayenku labarin "sambol", ƙashin nan ko guntun icen da ake rataya ma ɗan lakwal a wuya in ya kuskura ya yi Hausa. An ce musu Faransanci ne harshen hankali, namu surutu ne. Alhali shi kanshi Faransancin daga Latin ɗin talakawa da sojoji ya tsiro, irin wanda malaman zamanin ke ƙyama. Dokar sarki ta 1539 ce ta shigar da shi kotu, kuma irin sambol ɗin nan an rataya ma ƴaƴan Faransa masu harshen Bireton. Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, su tuna Faransanci ya ari sunan sukari da na auduga daga Larabci, yadda munka ari littafi da alƙalami. Aro ba talauci ba ne, kowane harshe da shi ya girma.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa: kundin da anka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. Sai dai in Hausa ta shiga aji da ofis alhali muna ɗauke da tsohon tunanin nan, sambol bai mutu ba, hannu kawai ya sauya. Yaron da anka doka jiya don ya yi Hausa, gobe ɗanshi za a kayar don ya ce "hwara". Kuma yaron da anka kunyata kan bakin uwarshi shiru yake koya, ba karatu ba. Haka nan kada mu ɗauki sandar mu hau Bafulatani ko Buzun da muke cin kasuwa tare. Hujjar da ta kare Gobiranci ita ce ta kare Fulatanci da Tamajak.

Kada wani ya ce ina faɗa da ƙa'idar rubutu. Ina! Muna bukatarta, don takardar da anka rubuta a Yamai ta karantu a Damagaram da Kaduna, shi ya sa masana sunka zauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 kan daidaita haruffa. Mu koye ta da kyau, mu daina rubuta "kasa" muna nufin "ƙasa". Amma a koya ma yaro ita a matsayin riga ta biyu, ba tare da an yage ta jikinshi ba.

Ga aiki, tunda hutu na tafe. Kowa na da salula. Ka nemi izinin kakarka ka ɗauki muryarta tana tatsuniya, ko manomi yana lissafa irin hatsi da ciyawa, ko maƙeri yana faɗin sunayen kayan aikinshi. Ka rubuta yadda sunka faɗa, kada ka gyara musu ko wasali ɗaya, ka sa sunan garin. Ku kawo mu tara, mu kwatanta Agye da Gazawa da Gidan Rumji, mu ga inda sunka haɗu da inda sunka rabu. In ba mu rubuta Hausarmu ba, wani zai rubuta mana ita, kuma da ja zai yi mata alama.