DAGA BAKIN JAKARA: WAƘA A BAKIN MAI ITA TA FI DAƊI

Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya ya karanta wa wanda bai iya ba. In a zaure ake karanta wannan takarda, don Allah a bar ƙofar cikin gida a buɗe, gama rabin maganar ta iyayenmu mata ce.

Ni a bakin Jakara aka haife ni, cikin birnin Kano, inda in ka fito ƙofar gida kana jiyo hayaniyar Kasuwar Kurmi. Shekara biyar na riƙe alli a firamare kafin in ajiye shi in shiga yawon ƙauyuka. To tun da zaɓe ya gabato, duk garin da na sauka sai na tarar wasu maganganu biyu sun riga ni isa. Ta farko, wai ku yi hankali da baƙi, wane ba ɗan ƙasa ba ne, kakansa zuwa ya yi. Ta biyu, wai mace ba ta da ta cewa, mijinta ne zai faɗa mata inda za ta dangwala. Na kuma lura da wani abu: bakin da ya faɗi ta farko, shi ne ke faɗin ta biyu. Don haka na ga ya kamata mu zauna mu auna su tare.

WA YA GINA KANO?

Mai cewa a kori baƙo, ku kamo hannunsa ku kawo shi Jakara mu zaga da shi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi ke ci a gefen wannan ruwa. Kasuwa kuwa ba ta ci da 'yan gida kaɗai. Ku saurari sunayen unguwannin birni, su da kansu za su ba da shaida. Tudun Nufawa, su wa suka zauna can? Zangon Barebari fa? Agadasawa daga ina suka taso, in ba daga Agadas ba? Dandalin Turawa mazaunin Larabawan da suka ƙetaro hamada ne da raƙuma, don su ake ce wa Turawa kafin zuwan Nasara. Ayagi kuwa Yarabawa ne suka kafa ta, tun Bature bai san hanyar Kano ba.

Ko addinin da muke tutiya da shi, ai littafin tarihin Kano ya faɗa mana Wangarawa ne suka zo da shi daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, yau fiye da shekara 600. Har gobe ga Madabo nan tana tuna mana da su. Da a ce mutanen wancan lokaci sun tsaya a bakin ƙofa suna tambayar asali, da wa zai koya mana alwala?

Fatake sun kai tufafin Kano da baƙin rini har Gwanja, sun komo da goro. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwashi gyaɗar iyayenmu, ya sauke mutanen Kudu a Sabon Gari. Kowa da abin da ya zo da shi, kowa da abin da ya tarar. Shi ya sa ake ce mata tumbin giwa.

Ku da ke noman rani a ƙasar Minjibir, ku kuka fi kowa sanin inda ruwan Jakara ke ƙarewa. Ya bar birni, ya ratsa ta wajen Fagge da Sabon Gari, ya bi bayan gidan Bahaushe da na Bayarabe da na Ibo, ya gangara madatsar Wasai. In an tsabtace shi, kowa ya amfana. In an zuba masa dauɗa, latas ɗin kowa ya sha. Haka mulki yake, jama'a. Mugun shugaba ba ya tambayar yarenka kafin ya bar asibitinku babu magani.

KIƊA BA YA NEMAN TAFINTA

Abin da tarihi ya faɗa, kunne ma ya ji shi. Kalangun da mahautanmu ke taƙama da shi, in ka je ƙasar Yarabawa za ka tarar da ɗan'uwansa a hammatar makaɗi yana magana. Gogen da ake ja a nan, can ma ana jan sa a kiɗan sakara, har sunan bai canja sosai ba. Algaitar da ke gaban sarki ranar hawa, sunanta daga bakin Larabawa ya fito. Wa ya taɓa tsayar da mai algaita ya ce nuna mana takardar asalinka?

Marigayi Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, duk ƙasar nan ta saurara, har da waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba. Ranar gayya kuma, in gangar noma ta tashi, ba a ware kunyar Bafillace da ta Bamaguje. Kowa ya duƙa, gonar ta ƙare, a ci tuwo tare.

Haka hira take. A teburin mai shayi na bakin Jakara na fara jin yadda tela Bayarabe da ɗan koli Banufe da malamin allo ke musu har dare ya raba, a tashi ana dariya, gobe a dawo. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, kakanninmu ba don shashanci suka bar mana shi ba. Magani ne. Mutumin da kuke tsokanar juna da safe, da wuya ka ɗauki wuƙa ka bi shi da yamma.

RANAR DA AKA DAINA HIRA

Amma kada in yi muku daɗin baki. Garin nan ya ga ranar da hira ta mutu. A watan Mayu na 1953, rigimar siyasa ta tashi tsakanin birni da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana zubar da jini. A 1966 aka yi wanda ya fi shi muni, har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai ƙasar nan yaƙin basasa. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rayuka fiye da 800 suka salwanta a jihohin Arewa cikin kwana uku.

To ina tambaya, a duk waɗannan ranaku, ɗan wane babban mutum aka binne? Rumfar wa ta ƙone? Ɗan talaka ne ya kashe ɗan talaka, mai tireda ya rasa jarinsa, matar aure ta zama mai takaba. Waɗanda suka zuga kuwa suna ɗakin sanyi, bayan shekara ka gan su a hoto suna musabaha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku da zagin wata ƙabila, bangonku yake nema ya tsaga, don ya san in kun haɗa kai za ku tambaye shi ina rijiya, ina taki, ina malamin makaranta.

ƘWARYA A KAN RUWA

Yanzu ga maganar iyayenmu mata. A cikin gida, in biki ya yi biki, sai a kife ƙwarya a kan ruwa a kama kaɗawa. A nan mace ke faɗin abin da ke cikinta, na kishiya, da na miji marowaci, da na tsadar gishiri. Su Uwaliya Mai Amada a nan Kano, da Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013, sun fito da wannan kiɗa fili. Barmani ta sha yi wa mata gargaɗi a waƙa su tashi su kama sana'a. Mun yi rawa, mun yi liƙi, amma mun saurara kuwa? Muryar da muka yarda ta tashi a gidan biki, me ya sa muke toshe ta in an zo shawarar gari?

Wani zai ce ai addini ne. To a tambayi malamai labarin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta naɗa jajis, dattawan mata, ta ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna koya wa mata 'yan'uwansu addini da zaman duniya ta hanyar waƙa. Su ake kira 'yan taru. Wa zai ce ya fi gidan Shehu sanin addini?

Ƙuri'ar da ke hannun mace yau ma ba daga sama ta faɗo ba. Matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin a sami mulkin kai a 1960, na Arewa aka ce su jira. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, ta ce ba za a jira ba. Ta shiga NEPU ta Malam Aminu Kano tun tana yarinya. Ta zo Kano tana shiga gidaje tana hira da matan kulle, aka kama ta, aka ɗaure, aka kore ta daga garin. Ana lissafa ɗaurin da ta sha har sau 16. Sai a 1976 matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, suka yi babban zaɓensu na farko a 1979. Kun ga 'yar baƙi ce ta sha duka don uwarka da tawa su tsaya a layi. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin masu maganganun nan biyu.

To yau ina aka kwana? A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da za su ƙara wa mata kujeru. Bayan zaɓen 2023, cikin sanatoci 109, mata uku aka rantsar, sai daga baya kotu ta ƙara ɗaya suka zama huɗu. Majalisar Dokokin Jihar Kano mai kujera 40, ba mace ko ɗaya da ta shiga a wannan zaɓe. Alhali ranar zaɓe, ku da kanku kun ga tsawon layin mata, da goyo a baya, rana na dukansu.

Lokacin da nake koyarwa, a aji ɗaya 'yan mata kan cika benci. Kafin a kai aji shida sai ka ga sun zube kamar ganyen kaka. Akwai wata yarinya da ta fi duk ajina lissafi. Wata rana na daina ganinta. Bayan wata biyu na gamu da ita a bakin kasuwa da farantin talla a ka, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Malam, Inna ce ba lafiya, ni ke nemo na cefane.” Ban sami abin ce mata ba. Da a ce akwai uwaye a inda ake raba kuɗin jiha, da an san ciwon uwa shi ke fitar da 'ya daga makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ta yi naƙuda a bayan amalanke a hanyar asibiti, ita ta san darajar titi. Wadda ke tafiyar mil biyu da tulu, ita ta san darajar famfo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya. Duk ɗan takarar da ya zo garinku, ku ce ya ajiye lasifika ya zauna a tabarma a yi hira. A tambaye shi, ya amsa. Mata su ma a ba su nasu zama, su yi tambayarsu da bakinsu.

Na biyu. Ku tambaye shi mata nawa jam'iyyarsa ta tsayar, kuma in ya ci, me zai yi wa makarantar 'yan mata, da ɗakin haihuwa, da jarin masu ƙuli-ƙuli da fura da saƙa. In ya ce sai an ci zaɓe a gani, kun ji amsarsa.

Na uku. In ya buɗe baki da zagin ƙabila ko addinin wani, ku tashi ku ba shi wuri. Makaɗa da mawaƙa, ku ma amana ce a wuyanku. Ku yi waƙar da za ku iya maimaitawa a gaban maƙwabcinku bayan zaɓe.

Na huɗu. Maigida, katin zaɓen matarka nata ne, kada ka kulle shi a akwati, kada ka ba wani ya riƙe. Ka yi mata izini ta fita, ka bar ta da zuciyarta. Uwargida, in kin shiga wurin dangwalawa, ke kaɗai ce sai Allah. Atamfa da taliya da sabulu ba su kai shekara huɗu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyar. Samari, kada wanda ya ba ku ƙwaya da gora ya tura ku kan ɗan'uwanku. In yana son faɗa, ya turo 'ya'yansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle a ce an ɗaure ɗayan a baya. Wanda ya ji wannan takarda ya kai ta gaba, a karanta a majalisa, a karanta a bakin rijiya, a karanta a gidan suna. Allah ya ba mu shugabanni masu jin maganar talaka, mace da namiji, ɗan gari da baƙo. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya, a gama lafiya. Amin.